Wa ake bari a ƙofar ajin kimiyya a Zamfara?

Malamar Kemistiri (Gusau):
Assalamu alaikum. Iyaye da malamai da injiniyoyinmu na wannan zaure, ku ba ni aron hankalinku. Duk sanda aka tayar da maganar ƙarancin 'ya'yan Zamfara a karatun injiniya da kimiyya, musamman mata, sai kowa ya nufi ƙofar jami'a da ƙorafi: JAMB ta yi kaza, an cinye mana gurabe, an fifita wasu. Ni da nake riƙe da alli kullum, ina ganin tun kafin nan aka tafka asarar. Ranar da yara suka gama aji 3 na ƙaramar sakandare aka raba su, kai kimiyya, ke ajin adabi, ranar aka yanke hukunci. Mai neman injiniyanci dole ya rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a JAMB, ya kuma kawo kiredit 5 da suka haɗa da waɗannan. Yarinyar da makarantarsu ba malamin fiziks, da yaron ƙauye da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, da makahon da aka ce masa lissafi ba naka ba ne, duk an cire su daga layi suna 'yan shekara 14 ko 15. Gurbin da za a ware musu a jami'a ba zai same su ba, don ba sa ma cikin masu nema. Wa muke bari a wannan mataki, kuma me ke hannunmu?

Injiniya Ɗan Kaura:
Wa alaikumus salam Malama. Na yarda da rabin maganarki. Abin da nake tsoro shi ne inda irin wannan zance ya saba ƙarewa: a sassauta, a rage maki, a tura kowa. Jami'o'in tarayya ai suna da tsarinsu tuntuni, kashi 45 cancanta, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi, kuma Zamfara na ciki. Shekara nawa ana yi? Me ya canza? A 2013 jaridu sun buga makin shiga sakandaren tarayya, Anambra 139, Zamfara maza 4, mata 2. Har gobe abokan aikina na Kudu suna tuna min da shi, kuma yana min ciwo. Ni aikina kwalbati da gada. In aka kuskure lissafin rodi, ruwan Agusta ba zai tambayi jihar wanda ya zana ba, zai tafi da gadar har da motar da ke kanta. A bar ma'auni ɗaya ga kowa.

Malamar Kemistiri (Gusau):
Injiniya, sake duba rubutuna, ban nemi a rage wa kowa maki ba. Makin 2 ɗin nan ma hujjata ce. Yana nuna firamarenmu ce ta durƙushe, kuma masu zama jarabawar daga nan ba su da yawa. Ba a gyara wannan da sassauci a sama, ba kuma a gyara shi da cewa kowa tasa ta fisshe shi.

Hajiya Shugaba Mai Ritaya:
Injiniya ɗana, ka saurari tsohuwa. Da yawa daga cikin injiniyoyin Arewa da ka taso kana girmamawa, ta makarantar share fagen shiga jami'a ta Zariya suka bi, wasu ta IJMB, wato jarabawar share fagen shiga jami'a, na baya-bayan nan ta Funtuwa. Ba a rage musu jarabawar digiri ba. An ba su shekara guda ko biyu da malamai na gari da ɗakin gwaji, suka cike giɓin, suka zauna jarabawa ɗaya da kowa. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, tana zaƙulo yara masu kai ta hanyar jarabawa ta tara su wuri guda, ka duba likitoci da injiniyoyin da suka fito daga nan. To wannan shi nake kira adalci: ma'auni ɗaya a ƙarshe, amma a ba wanda aka haifa nesa da hanya abin da zai kawo shi.

Yanzu bari in faɗa muku yadda rabon aji yake a ofishin shugaba, don na zauna a kujerar. Uba zai shigo, ya cire takalmi, ya gaishe ki da ladabi, ya ce "Hajiya, mace ce, ki sa ta inda ba wahala, kwana nawa ne za ta tafi ɗakinta." Ki buɗe takardar sakamako ki nuna masa ita ce ta ɗaya a lissafi, ya yi murmushi ya ce haka ne, amma dai a yi haƙuri. Kuma kada mu ɗora wa iyaye kaɗai. Akwai malaman da in ajin kimiyya ya cika, sunayen mata suke fara tsallakewa, da zuciya ɗaya, suna ganin taimako suka yi. Waɗanda suka samu suka shiga kuwa, ka tambaye su me za su zama, likita, nas, ungozoma. Sana'o'i ne masu daraja kuma muna matuƙar buƙatarsu. Amma ba wadda za ta ce injiniyar ruwa ko ta lantarki, domin ba ta taɓa ganin mace mai mayafi da hular kwano a kanta ba.

Baban Ummi (Mafara):
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni ina cikin iyayen da kike faɗa, kuma ba zan ɓoye ba. Ɗiyata tana aji 3 yanzu, lissafi kamar ruwa take sha. Amma makarantar da ke da ɗakin gwaji na ƙwarai ta kwana ce. Ku da ke Gusau kuna iya mantawa, mu ba mu manta ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar Jangebe cikin dare aka kwashe ɗiya 279, kuma makarantar kimiyya ce ta mata. Allah ya sa an sako su ranar 2 ga Maris, amma wanda ya ga iyayen nan a bakin ƙofar makaranta ba zai ce mana jahilai ba don mun riƙe ɗiyanmu a gida. A Satumbar shekarar aka sake yi a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantu, aka kashe layukan waya. A 2023 aka bi ɗalibai mata na jami'ar tarayya ta Gusau har gidajen haya a Sabon Gida. To in kai ta ina? Ba ƙin boko ke damuna ba. In kwanta in yi barci nake so.

Malamar Kemistiri (Gusau):
Baban Ummi, wallahi ba wanda ya isa ya ga laifinka. Allah ya tsare mana su. Abin da ka faɗa shi ne asarar da ba a lissafawa: ɗan bindiga in ya shiga makarantar mata guda, ya fitar da 'yan matan wasu makarantun da bai ma taka ba. Namiji in makaranta ta rufe, ana tura shi Gusau ko Sakkwato ko Funtuwa wurin ɗan'uwa. Mace sai ta zauna, zaman ya yi tsawo, mai nema ya fito. Shi ya sa nake cewa dole ajin kimiyya ya bi yarinya zuwa makarantar jeka-ka-dawo ta garinsu, ba ita za ta bi shi ba.

Ɗaliba 'Yar Bunguɗu:
Ina gaida iyayena. Ni ina karatun injiniyan lantarki a kwalejin fasaha, kuma mu matan ajinmu ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Shiga ba ita ce ƙarshen wahala ba. A ɗakin aiki in an raba mu rukuni, kai tsaye ake miƙo min biro da takarda, ke rubuta sakamako, maza su riƙe waya da mita. Ba zagi, ba faɗa, cikin mutunci ma ake yi. Amma in ka shekara kana rubuta abin da hannun wani ya yi, ranar jarabawar aiki hannunka rawa zai yi. Sai da na fara cewa a'a, yau ni zan haɗa, sannan na iya. Na biyu, lokacin neman wurin koyon aiki, wurare da yawa cewa suke ba su da inda mace za ta yi alwala ko ta canza kaya. Na uku, rigar aiki. An ce hijabi mai tsawo haɗari ne kusa da injin da ke juyawa, kuma gaskiya ne. Na ɗinka gajere mai kama jiki da nake cusawa cikin rigar, shi ke nan magana ta ƙare. Da wani ya faɗa mana haka tun farko, wata ƙawata ba za ta canza fanni ba.

Injiniya Ɗan Kaura:
Ƙanwata, wannan na rubuta sakamako na gan shi da idona a lokacinmu. Kin yi daidai da kika karɓi wayar. Irinki nake nufi, ba wanda ya ɗaga miki ƙafa.

Ɗaliba 'Yar Bunguɗu:
Yaya, an ɗaga min. Malamin fiziks ɗinmu na sakandare yana tsayawa bayan an tashi ya ƙara mana darasi, mu mata, da izinin iyayenmu, ba ko sisi. Mahaifina kuma ya sayar da tunkiya ya biya min kuɗin jarabawa. In da ɗaya ya ɓace cikin biyun nan, da yanzu ba na cikin wannan zaure.

Malam Liman:
Bismillah. Tunda an ambaci iyaye, bari in sa baki, don kada wani ya jingina abin ga addini. Mu a ƙasar nan ba baƙi ba ne ga karatun mata. Shehu Usmanu ya karantar da mata a majalisinsa, an soke shi a kan haka, ya kare matsayinsa, ya kuma zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Sanin likitanci da lissafi da abin da al'umma ba ta rayuwa sai da shi, malamai sun sa shi cikin farillar da in wasu ba su ɗauka ba kowa na da laifi. Abin da muke nema a kiyaye shi ne mutunci: masauki mai tsaro, sutura, da rashin keɓewa. In an samu wannan, ni zan faɗa a mumbari. Sai dai ina da tambaya ga Malama. Almajiran da ke gabana fa? Akwai yaron da ya haddace izu 60 yana ɗan shekara 13, yana raba gado da ka kafin in gama ɗauko alƙalami. Shi wace ƙofa aka bar masa?

Malamar Kemistiri (Gusau):
Allah gafarta Malam, babu wadda ta dace da shi, kuma abin kunya ne. In aka kai shi firamare aji 1 cikin 'yan shekara 6 zai gudu. Abin da yake buƙata ajin gaggawa ne na shekara 2 ko 3, Turanci da lissafi da kimiyya, sannan ya zauna jarabawar shiga ƙaramar sakandare. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe Alƙur'ani ba za ta gaza riƙe jadawalin sinadarai ba.

Ɗan Anka:
Jama'a, ina karantawa tun ɗazu. Kuna magana kamar alfarma za a yi wa mata da 'yan ƙauye. Ni ina ganin mu ne muke biyan kuɗin rashinsu, kuma mun biya da rayuka. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, daga baya Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Me ya faru? Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasa inda yaro ke rarrafe, ya sa hannu a baki. Sai amai, sai jijjiga, sai mutuwa, waɗanda suka rayu wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Mutane suna ta haƙa ƙananan kaburbura ba su san me ke kashe 'ya'yansu ba, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura. Aikin kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa, injiniyoyin muhalli daga Amurka ne suka jagorance shi, Bagega ma sai 2013 aka kai gare ta.

Yanzu ku yi tunani. Ina ake dakan? Cikin gida. Wa ke cikin gida? Mata da yara. Baƙon namiji, ko digiri nawa gare shi, iyakarsa zaure. Da a ce kowane ɗaya daga waɗannan ƙauyuka akwai mace guda da ta yi kemistiri ko da na sakandare ne, wadda ta san dalma guba ce, ta san niƙa da ruwa yana rage ƙura, ta san a raba wurin aiki da wurin kwana, mai shiga gida ta zauna kan tabarma ta yi wa uwa bayani da harshenta, ba na cewa ba za a rasa kowa ba, amma ba za a kai 400 ba. Kuma haƙar nan ba a daina ba har yau. Su waye za su ƙera injin niƙa mai aminci da talaka zai iya saya? Wanda bai taɓa ganin yadda ake aikin ba?

Hajiya Shugaba Mai Ritaya:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan yaran nan. Ɗan Anka, wannan magana ya kamata a kai ta gaban kowane taron iyaye da malamai.

Injiniya Ɗan Kaura:
Wannan ta shige ni. Ko a aikin ruwa haka ne, mai ɗiban ruwa ita ta san famfon da hannunsa ya yi tsawo da wanda aka kafa inda mace ba za ta iya zuwa da yamma ba. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: in za ta sa hannu a zane, COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ta yi mata rajista da sharaɗin da ta yi wa kowa.

Mai Sola (Tsafe):
Ba wanda ya ce a'a, Injiniya. Amma ku bari mu ma a ji tamu. Ni shan-inna ta kama ni ina ƙarami, da hannu da keke nake tafiya. Yau ina haɗa sola, ina gyaran inbata, yara na hawa rufi ina ƙasa ina ba su lissafin batir da kaurin waya. A sakandare ina son fiziks kamar raina. Ɗakin gwajin yana bene. Abokaina biyu ke ɗaukata su hau da ni, ɗaya ya riƙe hammata ɗaya ƙafafu, 'yan aji suna kallo. In mun isa, teburin ya fi kaina tsawo, sai dai in ji ana cewa allura ta motsa. Wata rana shugaban sashe ya kira ni ya ce in koma ajin kasuwanci don sauƙina. Na koma. Abin da na iya yau a shagon wani bawan Allah na koye shi. Akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, ta kuma ce a ware aƙalla kashi 5 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya wuce. Ku zaga ku ƙirga min ɗakunan gwajin da mai keke zai shiga da kansa. Ni ban taɓa neman a rage min maki ba. A sauko da ɗakin ƙasa, a rage ƙafar tebur ɗaya. Kafinta zai yi shi kafin azahar.

Maman Abba:
Mai Sola, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ɗana makaho ne. Yana lissafin cinikin shagona da ka, ba ya kuskure. Amma duk inda muka je sai a ce makafi Hausa ko Larabci ko shari'a suke karantawa. JAMB tana da shiri na musamman na makafi tun 2017, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, kuma ana yaba shi. To amma me zai rubuta in ba wanda ya koya masa lissafin sakandare? Akwai tsarin rubuta lissafi da rubutun makafi, wani makaho masanin lissafi a Amurka, Abraham Nemeth, shi ya tsara shi. Ke nan abin mai yiwuwa ne. Malamin da ya iya shi muke nema. A halin yanzu da zare da gam nake manna masa siffofi a kwali, alwatika da da'ira, yana bi da yatsa.

Malamar Kemistiri (Gusau):
Maman Abba, ki riƙe wannan kwalin, aikin malamai kike yi. Kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman ta tarayya tana Oyo. Da jiha za ta ɗauki nauyin malaman lissafi ko da 'yan kaɗan ne su je su koyo su dawo, da an fara.

Dakta (Amurka):
Salam daga nesa. Don ku sani, a nan ma rigimar ake. A Yunin 2023 kotun ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma gwamnatin Trump ta rufe shirye-shiryen damawa da kowa a ma'aikatun tarayya. Shawarata kada mu ɗauko rigimarsu mu sa a kanmu, tarihinsu daban, namu daban. Su suna gardama a kan wa za a zaɓa cikin dubban da suka cancanta. Mu matsalarmu masu neman ma ba su isa ba. Ƙasa ta ce jami'o'i su ɗauki kashi 60 kimiyya 40 sauran fannoni, to daga ina 60 ɗin za su fito in ajin fiziks na ƙauye ba malami? Ga mai neman abin nuna wa 'yarsa: Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, masaniyar fiziks, ta yi aure ta haihu kafin ta shiga jami'a, ta kuma karɓi lambar yabo ta duniya a 2015. Ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya da aka kafa a 1958 sai a 2024 ta samu shugaba mace ta farko, Margaret Oguntala. Jelani Aliyu da ya zana motar Chevrolet Volt a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya fara, nan maƙwabtanmu.

Ɗan Ruga:
Na daɗe ina shakkar in yi magana. Ni Bafulatani ne, a ruga aka haife ni, yanzu ina koyar da lissafi. An ambaci mata, an ambaci almajirai da makafi, ba wanda ya ambaci ɗan makiyayi. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma ku je dazukanmu ku ga abin da ya rage na makarantun. Yaron da ya tashi ba aji, ba malami, ba likitan dabbobi, sai mai bindiga ne kaɗai ya zo ya ce masa zo ga abin yi, me ake tsammani? Wanda ya samu ya shigo gari karatu kuma, a aji ana kiransa da sunan da kuka sani.

Baban Ummi (Mafara):
Malam, ka yi haƙuri, amma wannan ba zan haɗiye ta ba. Mu aka kora daga gonakinmu. Mu ke biyan kuɗin fansa. Yanzu kuma mu za a ce mu tausaya?

Ɗan Ruga:
Baban Ummi, ban wanke mai laifi ba, Allah ya isa tsakaninmu da duk wanda ya ɗauki ɗiyar wani. Mu ma an kore mana shanu, an kashe mana 'yan'uwa. Ina maganar yaro ɗan shekara 7 da bai yi wa kowa komai ba tukuna. In ba mu sa shi a aji ba, ɗiyarka ba za ta taɓa zuwa makarantar kwana cikin kwanciyar hankali ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi hattara da harshe. Kowa a nan an taɓa shi. A ci gaba cikin mutunci.

Malam Liman:
Baban Ummi, zafinka gaskiya ne. Maganar malamin nan ma gaskiya ce. Wani ba ya ɗaukar laifin wani, haka Alƙur'ani ya koya mana.

Baban Ummi (Mafara):
Na ji, Malam. Zuciya ce. Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Malamar Kemistiri (Gusau):
Amin. Bari in dawo da mu aji, don akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Yawancin yaranmu ba kimiyya ce ke kayar da su ba, Turancin da aka naɗe ta a ciki ne, da kuma rashin taɓawa da hannu. Na ga makarantar da ake zana bututun awo a allo, a ce wa yara ku ɗauka ruwan ya canza launi. Ni ga yadda nake fara darasin asid. Ina jiƙa zoɓo in tace, in zuba a kofunan roba masu haske guda uku. Na farko a matsa lemun tsami, jan ya ƙara haske. Na biyu a ɗiga ruwan kanwa, sai ya juye ya yi duhu yana komawa kore. Na uku a bar shi don kwatance. Sai in ce wa yarinya ta riƙa ɗiga lemun tsami a kofin kanwar a hankali tana ƙirgawa, har jan ya dawo. Ajin kan yi tsit, sannan ya ɓarke da surutu. A nan wata za ta ce ai shi ya sa Inna ke sa kanwa a miyar yakuwa in ta yi tsami. Da Hausa muke yin wannan duka, sai sun gane sannan in ba su sunayen da za su gani a takardar WAEC. Waɗanda ba sa ɗaga hannu, 'yan ƙauyen da ke jin kunyar Turancinsu, ranar su ke gaba.

Hajiya Shugaba Mai Ritaya:
Haka ake yi, 'yata. Kuma muna da abin da wasu jihohi ba su da shi: kwalejin ilimi ta fasaha ta tarayya da ke Gusau ta mata ce zalla. Ga malamai mata na kimiyya da sana'a ana yayewa a ƙofar gidanmu. A ɗauke su aiki, a tura kowace garinsu, inda take da iyaye da masauki, a ƙara mata ɗan alawus. Uban da ya ƙi sakin 'yarsa ga baƙo zai sake ta ga ɗiyar maƙwabcinsa. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, an gyara gine-gine, mun gani. Amma gini ba ya koyar da fiziks. Ware gurbi a jami'a ba tare da wannan ba, zuba taki ne bayan an yi girbi.

Injiniya Ɗan Kaura:
To ni ga nawa. Ina da mitocin awon lantarki guda 6 da ƙananan allunan haɗa waya da ba na amfani da su. Zan bayar, kuma duk Asabar ɗin da nake gari zan zo in koyar da awa biyu. Sharaɗina, a ƙarshen zango in ba su gwaji irin wanda zan ba kowa, ba sassauci.

Malamar Kemistiri (Gusau):
Na karɓi sharaɗin, ni ma ga nawa: a ɗakin ƙasa za a yi, kuma kowane rukuni a riƙa juya wanda ke riƙe waya da wanda ke rubutu. Zan nemi izinin shugabar makaranta ranar Litinin. Mai Sola, za ka iya zuwa ka nuna musu haɗin batir?

Mai Sola (Tsafe):
In hanya ta yi kyau zan shigo da motar safe. Ku tanadi tebur gajere.

Ɗaliba 'Yar Bunguɗu:
Ni ma in muna hutu zan zo da rigar aikina su gani.

Baban Ummi (Mafara):
Malama, ƙanwata tana aure a Tudun Wada nan Gusau. In na kawo Ummi wurinta ta riƙa zuwa jeka-ka-dawo, ana karɓar canjin makaranta a aji 1 na babbar sakandare? Kuma wace takarda zan zo da ita?

Malamar Kemistiri (Gusau):
Ana karɓa in da gurbi. Ka zo da sakamakon jarabawarta ta aji 3, da takardar canji daga makarantar da take, da takardar haihuwa da hotuna. Ka zo kafin a raba azuzuwa, don in an rufe rajistar ajin kimiyya shigar da ita yana wuya. Zan turo maka bayanin sauran ta akwatinka.

Maman Abba:
Malama, in kun fara na Asabar ɗin, zan iya kawo Abba? Ko sauraro ne ya yi, kuma wayoyin ai zai iya taɓawa.

Injiniya Ɗan Kaura:
Ki kawo shi, Hajiya. Akwai mita mai yin ƙara in waya ta haɗu, da ita zai fara.